Darasin Manoma: Inda Kogin Nilu Ya Shiga Teku, da Fadamarmu ta Rima

A darasin wannan wata za mu leƙa wata ƙasa ta bakin teku mai nisa da mu, amma rayuwarta a kan kogi take kamar tamu. Ita ce Dalta ta Masar, watau shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da kogin Nilu yake ratsawa kafin ya faɗa Bahar Rum. Masu karatun Littafin Farawa sun san wani yankinta, gama ƙasar Goshen inda Yusufu ya zaunar da 'yan'uwansa tana gabashinta.

Daga Alƙahira zuwa teku wajen mil 100 ne. A bakin teku kuwa faɗinta ya kai mil 150, daga Iskandariyya zuwa Bur Sa'id. Kogin yana rabuwa reshe biyu, ɗaya ya fita ta Rashid, ɗaya ta Dumyat. Ruwan samansu lokacin ɗari yake zuwa, ba shi kuwa da yawa. A Iskandariyya wajen inci 8 ne a shekara, mu nan Sabon Birni da Isa mukan sami inci 20 ko fiye. Ashe mun fi su damina. Duk da haka fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen Masar, waɗanda suka wuce miliyan 100 a 2020, a nan suke zaune. Murabba'in mil guda yana ɗauke da mutum fiye da 3,000. A ƙidayar 2006 Sabon Birni tana da mutum 207,599, Isa 146,103, watau wajen mutum 200 ke nan a murabba'in mil.

Me yake ciyar da wannan taro? Kogi, da lakar da yake kawowa. Tun dā da dā, kowace shekara ruwan da ya sauka a duwatsun Habasha yakan cika Nilu, ya malale gonaki, ya bar musu baƙar laka sabuwa. Da rani kuma su ɗebi ruwa da jigo irin namu. Suna noman alkama, masara, shinkafa, ciyawar dabbobi, da auduga mai dogon zare wadda ake saƙawa a babbar masaƙar Mahalla.

A 1970 aka gama babbar madatsar Aswan, ambaliya ta tsaya. Kada mu raina amfaninta. Manomi ya sami ruwa dukan shekara, yana girbi sau biyu har sau uku a gona ɗaya, ga kuma lantarki. Amma lakar nan yanzu a tafkin Nasir take kwanciya, ba ta isa gona. Abin da kogi yake bayarwa kyauta, sai aka koma saye a buhun takin zamani. Teku ya shiga cin gaɓa a Rashid, domin babu sabuwar ƙasa mai maye gurbi. Kifin sadin da ake kamawa a bakin kogin ya ragu ƙwarai. Inda aka yi ta zuba ruwa ba magudana, gishiri ya taso ya ɓata gona, har gwamnati ta kashe kuɗi mai yawa wajen binne bututun janye ruwa. Mutanen kuwa ba su zauna ba, suka haƙa tafkunan kiwon karfasa, musamman a Kafr el-Sheikh, har Masar ta fi kowace ƙasa a Afirka kiwon kifi.

To, mu komo gida. Gulbin Bunsuru da na Gagare suna haɗuwa a ƙasar Isa. Gulbin Maraɗi kuma yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya, ya shiga Nijar, sa'an nan ya komo ya faɗa Rima wajen Sabon Birni. A tudu muna da gero, dawa da wake, masu jiran damina. Amma shinkafa, albasa, rogo, kifi da ciyawar rani duk na fadama ne, kufan Alƙalawa ma a bakin gulbin yake. Fadamar kuwa siririya ce, masu bukatarta suna ƙaruwa. A shekarun nan 'yan bindiga sun hana mutane da yawa zuwa gonakin nesa, tun 2019 wasu suka ƙetare zuwa jihar Maraɗi, saura suka matsu a filayen kusa da gari.

Mu ma akwai madatsu kewaye da mu. Ta Goronyo, wadda aka gama a 1984, tana ƙasa da mu. Ta Jibiya tana sama da mu, ruwanta kuwa sai ya ratsa wata ƙasa kafin ya iso. Saboda irin wannan ne Nijeriya da Nijar suka sa hannu a yarjejeniyar rabon ruwa a Maiduguri a 1990. Abin da ya sami mutanen da ke ƙasa da Bakolori bayan 1978 sananne ne: ambaliya ta ragu, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya.

Saboda haka muna roƙon kowace ƙungiyar manoma ta yi wannan aiki kafin damina. Ku tambayi dattawa inda ruwa yake kaiwa a zamaninsu, ku kafa turke a wurin. Bana ku kafa wani inda ya tsaya, ku rubuta kwana nawa ya yi a gona. Filin da ruwan gulbi ya daina hawa ya daina samun laka, sai a kai masa takin dabbobi da toka, kada a ƙone karan. Masu injin ban ruwa kuma su duba bakin fangali: in sun ga fari-fari kamar kanwa bayan ƙasa ta bushe, su buɗe wa ruwa hanyar fita, su kuma gaya wa malamin gona tun filin bai ƙi albasa ba.