Kunyoyin Da Iska Ke Yi A Kan Rairayi

Ya 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, duk wanda ya bi hanyar Kankiya zuwa Kusada da hunturu ya san 'yan kunyoyin nan da iska ke yi a kan rairayi, a gonakin jigawa da cikin busassun rafuka, kamar wani ya yi huɗa da tsinke. Nufina a nan shi ne in bayyana yadda ake auna su, da amfanin da manomi zai samu.

Kayan aikin duka uku ne: rula, da tsinke, da ma'aunin kusurwa na cikin akwatin lissafi. Da farko nakan auna daga kan kunya ta ɗaya zuwa kan ta goma sha ɗaya, in raba da 10. Abin da ya fito shi ne tazarar da ke tsakanin kunya da kunya, galibi santimita 5 zuwa 20. Sa'an nan in gitta rula a kan kunyoyi biyu, in tsayar da tsinke a cikin kwarin don in san zurfinsa, wanda sau da yawa bai kai santimita ɗaya ba.

Abu na uku shi ne duban gefunan kunyar. Gefen da iska ta fito a kwance yake, ɗayan kuwa ya fi tsayuwa. Haka abin yake ga manyan tuddan rairayi na Sahara, inda gefen da ke bayan iska yakan tsaya a kan wajen digiri 34. Kowa na iya gwadawa: a tsiyaya ƙwarya guda ta busasshen yashi a ƙasa, a auna gefen tarin. Wani sojan Ingila mai suna Bagnold ya rubuta littafi sukutum a kan wannan ilmi a 1941. A 1958 kuma wani masani, A. T. Grove, ya nuna cewa yawancin tuddan jigawa na arewacin ƙasar Hausa tsofaffin tuddan hamada ne waɗanda ciyawa da itatuwa suka ɗaure.

To, ina amfanin wannan? Iskar da ke yin kunyoyin ita ce ke kwashe ƙasar gona mai kyau, kuma guguwar farkon damina kan binne gero yana ɗan tsiro, har a sake shuka. Wanda ya iya karanta kunyoyin ya san gefen da iska ke shigo masa, a wajenmu galibi gabas ko arewa maso gabas. Can ya kamata ya jera bedi ko gamba, ya kuma bar kara a kwance bayan girbi.

Daga ƙarshe ina roƙon 'yan'uwana, in mun je hutu, kowa ya auna gonar gidansu, ya nuna wa mahaifinsa. Rigakafi ya fi magani.