Kada a toshe ramukan fitar ruwa na jirgi

Wani jirgin faiba da aka jawo mini a Yawuri cikin damina shi ya sa ni wannan rubutu, kuma har yau raina bai huce ba. Mai shi ya cire injin Yamaha mai doki 40 ya ɗora mai 75, don ya riƙa riga 'yan'uwansa isa kasuwa. Nauyin sabon injin ya danne bayan jirgin, da an yi lodi sai ramukan fitar ruwa biyu da ke can su nutse, ruwan kogi ya riƙa shigowa ta cikinsu. Ya kai wa wani mai kiran kansa gwani, shi kuwa ya cusa tsumma, ya shafe da kwalta, ya karɓi kuɗinsa.

Ran kasuwa hadari ya riske su a tsakiyar kogi. Ruwan sama ya taru a daɓe ya rasa mafita. Direba ya karya kwana zai nufi gaɓa, ruwan nan duk ya gangara gefe guda, jirgi ya kife. Manya sun fita. Yaron da ke kwarfar ruwa sai washegari Sarkawa suka tsamo shi. Allah ya jiƙansa.

Daɓe mai tsawon mita 5 da faɗin mita 2, in ruwa ya kai santimita 5 a kansa, kilo 500 ke nan, buhun shinkafa goma, kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ba a toshe ramin fitar ruwa. In ya nutse, lodi ya yi yawa ko inji ya fi ƙarfin jirgin. A rage.

Da na ɗaga daɓen, soson da ke ƙasa ya sha ruwa ya yi jagab. Ƙananan ramukan da ke gindin haƙarƙari duk sun cushe da ƙaiƙayi, yashi da leda. Masu kwale-kwalen katako, har da ku: sanda ɗaya ta isa a zungure su, amma sai ka ji mutum na cewa ai yana da bokiti. Bokiti a hannun yaro, cikin hadari?

A duba matoshin baya, wanda ba na ramukan fitar ruwan daɓe ba ne, kafin a tashi. Kuma duk wanda ya ɗauko kwalta ya nufi ramukan nan, ka janye jirginka daga wurinsa. In za ka kawo mini dubawa, kawo shi da lodin da ka saba ɗauka, don jirgin da ba kaya ba ya nuna inda ruwa ke kaiwa.