Hangara da Danginta: Darasi Kan Gane Ƙwaro da Raɗa Masa Suna

1.0 Gabatarwa

Dusuman gari ne na manoma a ƙaramar hukumar Jere, kusa da Maiduguri. Idan gero ya yi bunni, akwai ƙwaron da ke sauka a kan zangarniya yana cin furen, wanda Hausawa ke kira hangara. A fadamun shinkafa kuma akwai wani ɗan siririn ƙwaro mai ja da baƙi. Kowannensu idan aka murje shi a jiki yakan sa fata ta yi bororo, saboda haka wasu ke ɗaukar su abu ɗaya. Wannan maƙala za ta nuna yadda ake bambance su, da yadda masana ke rarraba irin waɗannan ƙwari, da kuma ruwan ɗalibin harshe a cikin lamarin.

2.0 Kalmar "Ƙwaro" a Hausa

"Ƙwaro" babbar kalma ce da ta tattara sauro da fara da kyankyaso da buzuzu a ƙarƙashinta. Wasu ƙwarin suna da sunan kansu, kamar buzuzu da maƙesu da hangara. Wasu kuwa sai an jingina su ga abin da suke ci, misali ƙwaron wake. Abin lura shi ne, waɗannan huɗun duk rukuninsu ɗaya a wajen masana, amma Hausa ba ta da kalma guda da ta keɓe su.

3.0 Rukunin Masu Kuben Fiffike

Masana suna kiran rukunin Coleoptera. Kalmar ta Girkanci ce, daga "koleos", wato kube, da "pteron", wato fiffike. Don haka muna iya cewa "masu kuben fiffike". Alamominsu su ne:

(a) ƙafafu shida, da jiki mai kashi uku: kai da ƙirji da ciki;
(b) fikafikan gaba masu kauri, waɗanda ke haɗuwa a miƙe a tsakiyar baya su rufe na tashi;
(c) bakin tauna, ba na tsotsa ba;
(d) rayuwa mai mataki huɗu: ƙwai, tsutsa, kwanci, sannan babba.

An bayyana kimanin nau'i 400,000 a wannan rukuni, kuma babu wani rukunin ƙwari da aka san yawan nau'o'insa ya kai haka.

4.0 Suna Mai Kalma Biyu

Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, shi ya daidaita tsarin bai wa kowace dabba suna mai kalma biyu a 1758. Kalmar farko ta jinsi ce, da babban baƙi ake fara ta. Ta biyu ta nau'i ce, da ƙaramin baƙi. Misali, ƙwaron wake shi ne Callosobruchus maculatus. Ɗalibin nahawu zai ga kamar suna ne da siffa: na farko ya faɗi gida, na biyu ya ware mutum ɗaya daga gidan.

5.0 Bambance Ƙwarin Biyu

Hangara tana cikin dangin Meloidae. Wuyanta ya fi kanta siranta, kubenta yana da laushi, kuma yakan rufe yawancin cikinta. Gaɓoɓin ƙarshen ƙafa biyar-biyar ne a ƙafafun gaba da na tsakiya, huɗu a na baya. Sai dai "hangara" ba nau'i ɗaya ba ce. Daga cikin masu ɓarnar gero a yankin Sahel akwai Psalydolytta fusca da Psalydolytta vestita, akwai kuma jinsin Hycleus, baƙaƙe masu ratsin rawaya ko ja. Dafinsu shi ne kantaridin, wanda Pierre Robiquet na Faransa ya fara tacewa a 1810.

Ƙwaron fadama kuwa na jinsin Paederus ne, a dangin Staphylinidae. Tsawonsa bai cika wuce santimita 1 ba, kubensa gajere ne har cikinsa na waje, kuma dafinsa, federin, daban yake. A Kenya ana danganta shi da ƙuda wajen suna, alhali ba ƙuda ba ne. Wannan ya nuna cewa sunan da jama'a suka raɗa ba kullum yake bin asali ba.

Sanin bambancin yana da amfani. Tsutsar hangara tana cin ƙwan fara a cikin ƙasa, shi kuma Paederus yana cin ƙananan ƙwarin da ke ɓata shinkafa. Manomin da ya yi musu feshin kan-mai-uwa-da-wabi yana iya kashe mataimakinsa. Idan ɗayansu ya sauka a jiki, a hure shi, kada a murje. In an riga an murje, a wanke da ruwa da sabulu.

6.0 Idan An Tsinci Baƙon Ƙwaro

Ba kowane ƙwaro da ba mu taɓa gani ba ne sabo ga masana. Wanda ya tsinci irinsa ya ɗauke shi da takarda, ya sa a kwalba, ya rubuta rana da wuri da tsiron da ya same shi a kai. Ya tambayi manoma aƙalla uku sunansa, da Hausa da Barbarci da Larabcin Shuwa, ya rubuta da karin sauti da tsawon wasali. Daga nan sai a kai wa masana, su gwada shi da samfuran da aka adana, irin waɗanda ke ma'adanar ƙwari ta Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, Zariya.

7.0 Kammalawa

An ga cewa suna ɗaya na Hausa yana iya ɗaukar nau'o'i da dama, kuma ƙwari biyu masu illa iri ɗaya suna iya fitowa daga dangi daban-daban. Masanin ƙwari yana da sunan Latin, manomi yana da na gargajiya, mai fassarar sanarwar aikin gona kuma dole ya san duka biyun, in ba haka ba saƙon ya karkace. Tattara waɗannan sunaye daga bakin dattawan karkara aiki ne da ke jiran ɗaliban Hausa, kuma ya isa batun kundin digiri.