Hoton Barkwanci Mai Rubutu da Gadon Karin Magana a Tamaske

Gabatarwa

Masanin halittu Richard Dawkins ne ya ƙirƙiro kalmar "mim" a shekarar 1976, yana nufin duk wani guntun al'ada da ke yaɗuwa ta hanyar kwaikwayo. A yau an fi amfani da ita ga hoton ban dariya mai ɗauke da gajeren rubutu, irin wanda ke yawo a WhatsApp da Facebook. Wannan maƙala ta dubi irin waɗannan hotuna a tsakanin mutanen Tamaske da ke gundumar Keita a jihar Tawa, inda waya ta zama igiyar zumunci tsakanin na gida da ƴan cin rani da ke Abijan ko Kano. Manufarta ita ce nuna cewa fasahar baƙuwa ce, amma ginin zancen daɗaɗɗe ne a Hausa.

Ginin Zance

Karin magana da yawa ɓangare biyu gare su: furuci, sai kuma yanayin da ke juya ma'anarsa. Dubi "Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo", ko "Allah suturu buƙui, in ji kishiyar mai doro". Ɓangaren farko shi kaɗai ba ya ba da dariya, sai na biyu ya bayyana bakin da ya furta shi.

Haka hoton barkwanci yake aiki, sai dai hoto ne ke maye gurbin "in ji wane". A ɗauki misalin fuskar marigayi Rabilu Musa Ibro ya zare ido, a samanta an rubuta: "Lokacin da anka ce ma kuɗin albasa sun hwaɗi." Rubutun ya kawo yanayi, fuskar ta kawo martani. Roland Barthes ya nuna a 1964 cewa rubutu kan ɗaure ma'anar hoto don kada ta warwatse. A nan ɗaurin ta fuska biyu yake, domin in aka cire ɗaya, ɗayan ya zama lami.

Karin Harshe

Kalmomin "anka" da "hwaɗi" ba kuskure ba ne. Siffofin Adaranci ne, karin harshen da Bernard Caron ya bayyana nahawunsa a 1991. Da a ce "aka" da "faɗi" aka rubuta, saƙon zai isa, amma gishirin ya ragu, domin mai karatu a Abijan muryar gida yake son ji. Aron kalmomi ma yana ba da damar wasa da harshe: "mushe" na nufin malamin lakwal, daga Faransanci, yana kuma nufin dabbar da ta mutu ba yanka. Tun da rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, hoton ne ke zaɓar ma'ana, ko ya bar su duka biyu da gangan.

Inda Gizo Ke Saƙar

Barkwancin Hausa yana da ƙa'ida. Wasan taubasai da na ƙabilu, wanda UNESCO ta sanya cikin gadon ɗan Adam da sunan Nijar a 2014, ya dogara ne ga sanin wa ke da izinin tsokanar wa. Hoto kuwa da zarar an tura shi gaba, ya rabu da mai shi. Zolayar da ta halatta tsakanin Bafulatani da Babarbare tana iya zama cin mutunci a hannun wanda ba abokin wasa ba.

Kammalawa

Waɗannan hotuna rubutacciyar shaida ce ta Adaranci daga hannun masu shi, ba tare da gyaran edita ba, kuma suna ɓacewa duk ranar da waya ta cika ko ta lalace. Ya kamata ɗalibai su tattara su da izinin masu su, tare da rubuta wanda ya tura, da wanda aka tura wa, da dangantakar da ke tsakaninsu. In babu wannan bayani, manazarci zai samu hoton, amma ba zai san abin da ya sa aka yi dariya ba.