Ko Babban Famfon Mai Yana Ƙara Wa Mota Gudu?

Wani mai sauraronmu daga Kaduna ya tambaya ko sanya wa motarsa Subaru WRX babban famfon mai zai ƙara mata gudu.

To Malam, famfon shi kaɗai ba ya ƙara ƙarfi. Sai an ƙara wa turbo iska ake bukatarsa, domin in fetur ya gaza wa iskar, inji kan yi zafi har fistin ya ƙone. A nan ne famfo irin Walbro mai tura lita 255 a awa yake da amfani.

Wajen canjin, a cire batir, a sauke matsin mai, a nisanci wuta, a sabunta matata da robar murfi. Kuma don Allah kada ka riƙa ƙarar da tanki, fetur ɗin ne ke sanyaya famfon.