Tsohon Kare da Iskar Sa Barci: Abin da Ke Faruwa a Ƙwaƙwalwa

A aikinmu na likitancin dabbobi, masu tsofaffin karnuka da kyanwoyi tambaya ɗaya suke yi kafin tiyata: "Likita, zai farka kuwa?" Yawancinsu suna farkawa. Ni abin da nake sa wa ido shi ne halin da ƙwaƙwalwa take ciki lokacin da dabbar take kwance a kan tebur.

Ƙwaƙwalwa mai ci ce ƙwarai. A jikin mutum nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita. Magungunan da muke shaƙa wa dabba, irin su isofuloren da sebofuloren, suna rage mata wannan ci. A 1997, Michael Alkire da abokan aikinsa sun auna ƙwaƙwalwar mutane a ƙarƙashin isofuloren, suka ga sukarin da take ƙonawa ya ragu da kusan kashi 46. Wannan kaɗai ba illa ba ne. Matsalar ita ce maganin yana sakin jijiyoyin jini, ƙarfin jini ya faɗi, kuma idan ya yi yawa ƙwaƙwalwa ta kasa daidaita jinin da ke shigar mata. Matashin kare mai ƙarfi zai jure. Karen da ya shekara 12, wanda zuciyarsa ta fara gajiya, ba shi da wannan rarar.

Haka kuma tsoho ba ya buƙatar yawan maganin da matashi ke buƙata. A mutane, adadin yana raguwa da kusan kashi 6 duk shekara goma bayan an kai 40, kuma dabbobi ma suna bin wannan sawun. Wanda ya buɗe wa tsohon kare ma'aunin saurayi ya zurfafa masa barci fiye da kima.

A 2003, Deborah Culley da Gregory Crosby na Jami'ar Harvard sun shaƙa wa tsofaffin ɓeraye isofuloren haɗe da iskar naitros na awa biyu. Makonni bayan haka, ɓerayen suna ta fama da gane hanyar abinci a gidan gwaji. Sai dai binciken da ya fi tasiri a aikina shi ne na Emmanuel Planel a 2007. Ya nuna cewa sauyin da ake gani a furotin ɗin tau, wanda ake dangantawa da cutar mantuwa ta Alzheimer, sanyin da ke kama ɓeraye yayin barci ne ke jawo shi. Da aka kiyaye ɗumin jikinsu, sai matsalar ta kau. Ɓera ba kare ba ne, na sani, amma bargo da gorar ruwan ɗumi ba su da tsada, balle lokacin hunturu.

Don haka ban ɗauki tsufa hujjar hana tiyata ba. Ina rage iskar, in haɗa da maganin kashe zafi, in riƙa auna ƙarfin jini da zafin jiki, in kuma gama aiki da wuri.

Kai kuma mai dabba, ka faɗa wa likita tun kafin ranar idan karenka ya fara yawon dare ba dalili, ko yana tsayawa yana kallon bango, ko ya daina gane ƙofar gida. Ka yarda a gwada jininsa don duba ƙoda da hanta. Idan an dawo gida, a kwantar da shi wuri mai ɗumi. Ruɗewar da ta wuce kwana biyu kuwa, a mayar da shi asibiti.