Kafin Ka Ƙara Wa Mota Gudu, Koya Mata Tsayawa

'Yan'uwa ɗalibai, musamman na sashen injiniyan motoci, ga wani darasi da na koya a wajen aikinmu na kammala difloma, kuma saura ƙiris mu biya kuɗin karatun da ran ɗan mutane.

Mu huɗu muka haɗa kuɗi muka sayi tsohuwar Golf 3, irin wadda ake haya da ita tsakanin Kano, Wudil da Gaya. Muka cire ƙaramin injinta muka ɗora mai lita biyu. Da hutu ya zo na kai ta garinmu Balan, a ƙaramar hukumar Gaya, don mu gwada ta. Muka yi ta ba ta wuta muna taka birki a kan kwalta, ya fi sau goma a jere. A hanyar komawa sai ga wani yaro ya koro awaki zai tsallaka. Na taka birki, sai na ji ƙafata ta nutse kamar na taka soso. Da giya da birkin hannu na samu ta tsaya, yaron na tsaye bai fi taku biyar ba. Wallahi ranar ban iya cin tuwo ba.

Abokaina suka ce magani ɗaya ne, mu je Ƙofar Ruwa mu sayo manyan faifan birki na VR6. Sai malamin da ke duba aikinmu ya ce mu fara yin lissafi tukuna.

Aikin birki shi ne mayar da ƙarfin gudu ya koma zafi. Mota mai nauyin kilo 1,100 da ke gudun kilomita 100 a awa tana ɗauke da kusan kilojul 424. Wannan ya isa ya kai ruwa fiye da lita ɗaya ga tafasa, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi yake sauka a kan faifai da takalmin birki, mafi yawansa a ƙafafun gaba. In ka ninka gudu sau biyu, zafin da nisan tsayawa ninkuwa suke sau huɗu. A busasshiyar kwalta da taya mai kyau, mota mai gudun 60 tana buƙatar kamar mita 20 daga inda birki ya kama. A gudun 120 kuwa, kamar mita 80.

Ga inda da yawanmu muke kuskure. In birkinka ya riga ya iya kulle taya, babban faifai ba zai rage maka ko mita ɗaya ba a takun farko, domin taya ce ke riƙe ƙasa. Amfanin babban faifai shi ne ɗaukar zafi, don taku na goma ya yi daidai da na farko. To, da muka gane haka, sai muka bi wannan tsari.

Da farko taya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Tayoyinmu na Beljiyam sun haura shekara goma, robar ta bushe duk da zanen bai cinye ba. Mu da muke hawa kwalta mu sauka burji da rairayi, nan ya kamata kuɗinmu ya fara zuwa.

Na biyu man birki, kuma shi ne ya ci amanata a Balan. Man birki yana shan danshin iska a hankali. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 140. DOT 4 kuwa 230 ne sabo, 155 in ya jiƙe. Da zarar ya tafasa sai ya zama tururi, tururi kuma matsuwa yake, shi ya sa ƙafa ke nutsewa. Namu ya yi baƙi kamar shayi, ba wanda ya san ranar da aka zuba shi. A canza shi duk shekara biyu, a cire iska sosai. A kula, DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da sauran.

Na uku takalmin birki da tiyo. Kar sunan "na tsere" ya ruɗe ka. Wasunsu ba sa kamawa sosai sai sun yi zafi, kai kuma da sassafe za ka shiga cunkoson kasuwar Wudil ranar Juma'a. Nemi na titi mai jure zafi. In ka sa sabo, ka yi ta rage gudu a hankali sau da yawa don ya zauna a kan faifai. Tiyon roba da ya tsattsage ko ya kumbura, a jefar da shi.

Sai a ƙarshe faifai. Motarmu ta zo da mai faɗin milimita 239 marar ramin iska. Na VR6 ya kai 280 ko 288, amma noti biyar gare shi, tamu huɗu, sai an canza hob da rim da kalifa. Ga shi in ka ƙarfafa gaba fiye da kima ka bar baya, gaba zai riƙa kullewa da wuri, nisan tsayawa ya ƙaru. Muka zaɓi mai 256 mai ramin iska tare da kalifarsa, na gidan Golf 3 ɗin dai, wanda ke shiga rim 14.

Da muka koma gwaji, a fili muka yi, da tef ɗin awo da mutum biyu masu tsaron hanya. Taku goma a jere, ƙafa ba ta nutse ba.

Ga masu fara aikinsu baɗi: ranar da kuka rubuta kuɗin inji, ku rubuta na taya da man birki a samansa. Kuma don Allah kar a yi gwaji a hanyar da yara ke kiwo, kamar yadda na yi.